Tabarau Mai Ƙarin Gani da Amfaninsa a Gidajen Tarihi: Nazari Daga Ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin wata na'ura wadda ta soma shiga gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen ƙetare, sa'an nan mu auna ta da halin da ake ciki a ƙasar Zamfara, musamman ma yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Na'urar nan wani irin tabarau ne wanda idan mutum ya sanya shi zai ci gaba da ganin ɗakin da yake ciki da duk abin da ke gabansa kamar yadda ya saba, amma sai ya riƙa ganin wasu hotuna ko rubutu a kan abin da yake kallo, waɗanda na kusa da shi ba ya ganinsu. Domin sauƙin bayani mun zaɓi mu kira shi tabarau mai ƙarin gani. Ya kamata a bambanta shi da ɗan'uwansa, watau kwalkwalin nan mai rufe ido ruf, wanda ke raba mutum da inda yake ya jefa shi wata duniya ta ƙirƙira. Ga gidan tarihi bambancin babba ne, domin mai ziyara ya zo ne ya ga tulu ko takobi ko littafi na ainihi, kuma duk abin da zai ɓoye masa su ya ɓata masa tafiya.

Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne, tabarau ba ya nuna kome sai abin da aka zuba masa. Saboda haka amfaninsa a Zamfara ya rataya ne ga wani aiki da ake yi tun kafin a saye shi, watau aikin aunawa da ɗaukar hoto da naɗar magana da tantance abin da aka tabbatar daga abin da ake zato.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Mutane da yawa na ɗauka cewa wannan fasaha jiya-jiyan nan ta fito, alhali kuwa ta haura shekara 50. A 1968 Ivan Sutherland, yana Jami'ar Harbad ta Amurka, ya haɗa na'urar farko da ake ɗorawa a kai, wadda aka rataye ta a rufin ɗaki. Abin da take nunawa 'yan layuka ne kawai na siffar akwati, amma suna juyawa daidai da juyin kan mai kallo. A farkon shekarun 1990 wasu ma'aikatan kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, Thomas Caudell da David Mizell, suka nemi hanyar nuna wa masu haɗa wayoyin jirgi inda kowace waya za ta bi ba tare da sun riƙa duba takarda ba, kuma daga wurinsu ne sunan fasahar na Turanci ya yaɗu. A 1997 Ronald Azuma ya kawo sharuɗɗa uku waɗanda har yau da su ake gane ta: ta haɗa abin zahiri da na ƙirƙira, ta amsa motsin mutum nan take, kuma hoton ya zauna daram a gurbinsa ta fuskar tsawo da faɗi da zurfi.

Wannan sharaɗi na uku shi ne mai wuya. Alal misali, a ce akwai fasasshiyar tukunya a kan tebur, ana so tabarau ya cike gefen da ya ɓace. Idan mai kallo ya zagaya tebur, dole cikon ya tsaya manne da tukunyar. Domin haka tabarau na ɗauke da 'yan ƙananan kyamarori da na'urorin auna motsi, waɗanda a kowane lokaci suke zana taswirar ɗaki suna kuma lissafa inda kan mutum yake da inda ya fuskanta. Samfurin HoloLens 2 na kamfanin Microsoft yana da kyamarori 4 masu bin motsin kai, da 2 masu bin ƙwayar ido, da wata mai auna nisa. Daga nan wata 'yar ƙaramar majigi da ke jikin tabarau takan harba haske cikin gilashin, hasken ya yi ta karo a cikinsa har ya fito daidai ƙwayar ido. Idan lissafin ya yi jinkiri ko da ƙiftawar ido ne, sai hoto ya riƙa lilo, mai kallo kuma ya ji jiri.

A nan akwai wani abu da ya kamata mu riƙe, domin zai dawo mana a gaba. Irin wannan gilashi ƙara haske yake yi a kan hasken da ke shiga ido, ba ya iya rage shi. Shi ya sa ba ya nuna baƙi sosai, kuma idan hasken waje ya yi ƙarfi sai hoton ya dushe, kamar yadda fitilar hannu ke zama ba ta da tasiri da tsakar rana.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

Tun wajen shekara ta 2000 zuwa 2002 aka gwada wani shiri mai suna ARCHEOGUIDE a kufan Olimfiya ta ƙasar Girka, inda mai ziyara kan goya kwamfuta a baya ya sanya na'ura a kai, ya ga rusassun gine-gine sun miƙe a kan harsashinsu. A 2018 wani gidan tarihi na birnin Paris mai adana ƙananan siffofin garuruwa ya yi amfani da HoloLens a kan tsohuwar siffar tsibirin Mont-Saint-Michel, ana nuna yadda ginin ya yi ta sauyawa ƙarni bayan ƙarni. A 2021 gidan tarihin halittu na Faransa ya buɗe wani shiri da ake ganin dabbobin da suka ƙare a duniya suna motsi kusa da sauran ƙasusuwa da fatun da aka adana. Amma a ganinmu gwajin da ya fi kusa da bukatar yau da kullum shi ne wanda babban gidan wasan kwaikwayo na birnin Landan ya fara a 2018, inda kurame ke sanya tabarau suna karanta maganar 'yan wasa a rubuce a gaban idonsu. Ba a ƙawata kome ba a wurin; wata bukata ce sananna aka biya.

Kwatarkwashi: kayan da suka rabu da mazauninsu

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san dutsen Kwatarkwashi, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Labarun baka sun nuna cewa mutanen wurin sun daɗe suna zaune a kan dutsen da kewayensa, kuma sunan garin ya shahara a ƙasar Hausa dangane da Magiro da sauran al'adun gargajiya na kafin Musulunci ya kafu. Amma akwai wani tarihi da ya girmi wannan nesa ba kusa ba, wanda yake binne a ƙasa. A shekarun 1990 aka yi ta haƙar mutum-mutumin gasasshen yumɓu a wannan yanki ba bisa ƙa'ida ba, ana sayar wa dillalai, su kuma suna fitar da su Turai da Amurka. A kasuwannin can akan kira irin waɗannan siffofi da sunan Sakkwato, kuma a tuna cewa kafin ran 1 ga Oktoba 1996 ƙasar Zamfara duk a cikin Jihar Sakkwato take. Ana gane su da manyan girare masu rufowa kan ido da kuma gemu, masana kuwa na kusanta zamaninsu da na Nok, watau shekara 2,000 ko fiye. A shekara ta 2000 Patrick Darling ya buga wata maƙala a mujallar wata cibiya ta Jami'ar Kambirij a kan ɓarnar da aka yi a Nok da Kwatarkwashi, kuma a wannan shekara ce Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya siffofin Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗarin sata. Har ila yau a shekarar aka baje biyu na Nok da ɗaya irin na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Paris, abin da ya jawo ka-ce-na-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa.

To me tabarau zai iya yi a nan? Abu na farko mai sauƙin fahimta ne. Idan aka ɗauki hotunan mutum-mutumi masu yawa ta kowace kusurwa, kwamfuta na iya haɗa su ta fitar da cikakkiyar siffarsa. Ɗalibi a Gusau sai ya sanya tabarau ya ga siffar tsaye a kan tebur daidai girmanta, ya zagaya ta, ya leƙa bayanta, ya ga kitso ko wuri ko abin wuya da maginin ya zana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da aka haifa a gindin dutsen, wanda bai taɓa ganin abin da aka fitar daga ƙasar kakanninsa ba, alhali baƙi a wata nahiya na biyan kuɗi su kalla.

Sai dai a nan ne kuma iyakar na'urar ke bayyana. Darajar abin da aka tono daga ƙasa, a wurin masanin kufai, rabinta na jikin abin, rabi kuwa na wurin da aka same shi: zurfin ramin, da irin ƙasar, da gawayi ko tsingaro ko ƙashi da ke kusa, da yadda aka kwantar da shi. Aikin da masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a ƙasar Nok a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ya nuna haka ƙarara. Saboda sun tona a tsanake suna rubuta kome, sun gano cewa akasarin siffofin a farfashe aka binne su, kuma sau da yawa kusa da wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne. Mai haƙar dare da diga ba ya rubuta kome. Gwajin da ake yi wa gasasshen yumɓu a ɗakin bincike yana iya kimanta lokacin da aka gasa shi, amma ba ya faɗin ramin da ya fito. Wannan ilmi ya tafi tare da ƙasar da aka watsar, kuma babu tabarau da zai maido shi.

Haɗarin shi ne mai shirya hoto, don son abin ya ƙayatar, ya cike gurbin da tunaninsa. Sai ya zana bukka, ya tsayar da siffar a tsakiya, ya kewaye ta da mutane suna durƙusawa. Mai kallo kuwa abin da ido ya gani ya fi zama a ransa bisa ga abin da ya karanta, sai ya fita yana cewa ya ga yadda mutanen da ke bautar gumaka. Ita kanta kalmar gunki hukunci ce, domin tana nufin abin bauta, alhali ba a kafa hujjar cewa bauta wa waɗannan siffofi aka yi ba. A jiha irin Zamfara, inda jama'a ke da tsantseni game da duk abin da ya shafi shirka, kalma guda a bakin na'ura na iya sa iyaye su hana 'ya'yansu zuwa, ko ta sa wanda ya tsinci irin wannan abu a gonarsa ya farfasa shi maimakon ya kai wa hukuma. Shawararmu ita ce a yi amfani da kalmar mutum-mutumi ko siffa, kuma a kafa ƙa'idar launi a cikin hoton kansa: abin da yake na ainihi a nuna shi da kalarsa, abin da aka cike bisa hujja a nuna shi da wani launi dabam, abin da zato ne kuwa a bar shi zanen layi kawai. Masu gyaran tsofaffin tukwane sun daɗe da irin wannan ladabi, inda sukan cike gurbi da farar ƙasa domin kada a rikita sabo da tsoho.

Akwai kuma batun haƙƙi. Kundin Digital Benin, wanda aka buɗe a watan Nuwamba 2022, ya tattara bayanin kayan Benin 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 na ƙasashe 20. Abin lura shi ne kundin bai zama madadin maido da kayan ba, domin a watan Disamba na shekarar Jamus ta miƙa wa Nijeriya kason farko na tagullan Benin a Abuja. Wanda ya san abin da aka ɗauke masa da inda yake shi ke iya neman a maido. Haka ya kamata mu ɗauki hoton siffofin Kwatarkwashi, watau shaida ce ta neman haƙƙi. In ba a yi hattara ba wata rana sai a ce mana, tun da kuna ganinsu a tabarau, me kuma kuke nema?

'Yandoto: muryar wa za a ji?

Misali na biyu ya sha bamban. Tsohuwar 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, gari ne na malamai da fatake wanda ya shahara tun kafin jihadi, a ƙarƙashin daular Katsina. Labarun gargajiya na cewa daga nan Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau sarautar Katsina. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi bayan malamansa sun ƙi bin jama'ar Shehu, mutanensa suka watse. Daga wannan yanki ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya tashi har aka kafa Gusau. Tarihin yana nan a raye cikin sunayen sarauta, domin Sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsafe kuwa 'Yandoto. Yusufu Bala Usman ya tattauna matsayin garin a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981.

A nan abin da ya rage a ƙasa kaɗan ne, abin da ya rage a baki da takarda shi ne mai yawa, kuma bai zo ɗaya ba. Littattafan jihadi suna da nasu bayanin dalilin yaƙin, zuriyar waɗanda aka kora suna da nasu. Allon bayani na gidan tarihi ɗan ƙarami ne, layi biyar ko shida ya cika, shi ya sa yakan ɗauki ruwaya guda ya bar saura. Tabarau ba shi da wannan ƙunci. Mai ziyara na iya tsayawa gaban taswirar ƙasar Katsina ta yamma, ya ga hanyoyin fatake sun bayyana a kanta, ya zaɓi ya ji ruwayar littafi, sa'an nan ya ji ruwayar wani dattijo na Tsafe da muryarsa da karin harshensa, a kuma gaya masa wane ne ya faɗa, a wace shekara aka naɗa. Wannan shi ne abin da muke koya wa ɗalibanmu a aji, cewa kowace ruwaya tana da mai ita. Amma dattijon nan sai an je an same shi yana da rai.

Amfanin yau da kullum

Idan muka bar manyan batutuwan nan, akwai ƙananan ayyuka waɗanda a ganinmu su ne za su fi yawan amfani. Na farkonsu harshe. Yawancin allunan bayani a gidajen tarihinmu da Turanci suke, tun daga na Jos da aka buɗe a 1952 har zuwa na baya-bayan nan, kuma manomi ko 'yar kasuwa da ba su yi boko ba sukan wuce su kamar ba a rubuta kome ba. Tabarau na gane abin da mutum ya tsaya a gabansa, ya yi masa bayani a kunne da Hausa ko Fulatanci, kurma kuwa a rubuta masa. Haka nan rubuce-rubucen ajami da na Larabci, waɗanda ba a son hannu ya yawaita taɓa su: takarda na cikin gilashinta, mai kallo na ganin kowane layi da juyinsa zuwa boko a ƙarƙashinsa, kuma ana iya buɗe masa sauran shafuffukan da ba a baje ba.

Na biyu, wanda ya fi jan hankalinmu, shi ne maido wa kaya aikinsu. Akasarin abin da ke gidajen tarihinmu kayan sana'a ne da na kiɗa, kuma ma'anarsu na cikin motsi. Zugazugin maƙera a jingine da bango fata ce kawai da itace. Taushi a cikin akwatin gilashi ba ya gaya wa yaro kome, alhali ƙasar Bunguɗu ce ta haifi Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ya rasu a 1973. Da za a ɗauki hoton hannun makaɗin taushi na yanzu yana kiɗa, a ɗora shi daidai kan taushin da ke ajiye, a haɗa da sautinsa, da mai kallo ya gane yadda ake riƙe shi da inda yatsu ke sauka. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Haka kuma mazari da abin gurzar auduga da masaƙar gargajiya, waɗanda za a iya jera su a bi zaren labarin auduga tun daga tsakar gida har zuwa lokacin da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama babbar kasuwar auduga da gyaɗa, daga baya kuma aka kafa masaƙar zamani.

Na uku ya shafi ma'aikata ne, ba baƙi ba. Mai kula da ɗakin ajiya na iya duban kaya ya ga lambarsa da ranar da aka duba shi na ƙarshe, ya kwatanta shi da hotonsa na bara domin ya gane ko gara ta fara ci ko tsaga ta ƙaru. Idan aiki ya gagare shi, gwanin gyara da ke Jos ko Kaduna na iya ganin abin da yake gani ta kyamarar tabarau ya yi masa jagora, hannuwansa biyu kuma na kan aiki.

Akwai wani dalili na musamman da ya sa wannan magana ta fi nauyi a yankinmu. Shekaru fiye da 10 ke nan ta'addancin 'yan bindiga ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, kuma shugaban makaranta mai hankali zai yi dogon tunani kafin ya kwashi yara zuwa kufai a daji. Ke nan an sami yara masu tasowa da ba su san wuraren tarihin da ke kusa da gidajensu ba. Ɗaki guda a Gusau, mai ƙaramar siffar dutsen Kwatarkwashi a kan tebur wadda tabarau zai riƙa ɗora wa bayani, zai rage wannan giɓi kafin Allah ya kawo zaman lafiya.

Cikas

Ba za mu ɓoye wahalhalun ba. Na farko kuɗi: HoloLens 2 ya fito a 2019 a kan dala 3,500, watau guda 10 kawai dala 35,000 ke nan, ban da kuɗin shirya abin da za a zuba. Nauyinsa giram 566, batirinsa kuwa awa 2 zuwa 3 yake yi, don haka sai da wutar hasken rana ko wata tabbatacciyar hanyar caji. Filin da hoto ke bayyana a cikinsa ƙunci gare shi, kamar leƙe ta taga. Na'urar na ɗaukar zafi da kanta, a garin da zafin bazara kan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe idon kyamara. Abin da muka faɗa a baya game da haske kuma na nufin cewa a fili, ƙarƙashin ranar Zamfara, hoton dushewa zai yi. Aikin na cikin ɗaki ne. Ga tsabta, tun da abu ne da ke yawo daga goshi zuwa goshi, ga kuma bukatar samfurin da zai zauna a kan ɗankwali da hijabi da hula ba tare da an ce wa baƙo ya tuɓe ba. Kyamarar da ke jikinsa ma abin dubawa ce, domin tana ɗaukar duk wanda ke ɗakin, mata da yara, ko sun yarda ko ba su yarda ba.

Wajibi ne kuma shirin ya yi aiki ba tare da intanet ba. A watan Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Jihar Zamfara saboda matakan tsaro, aka yi makonni a haka. Shirin da ke jiran saƙo daga wata kwamfuta a ƙetare da ya mutu a ranar farko.

Amma cikas mafi girma shi ne gajartar ran na'urorin kansu. Google Glass ya fito a 2013 a kan dala 1,500, aka dakatar da sayar wa jama'a a 2015, aka rufe samfurin ma'aikatu a 2023. Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024. A 2025 kamfanin Meta ya fitar da wani tabarau mara nauyi mai ɗan allo a gilashi guda a kan dala 799, wanda ke nuna rubutu da ƙananan hotuna amma ba ya manna siffa a gurbinta kamar yadda sharaɗin Azuma ya nema. Gidan tarihi da ƙarni yake lissafi, kamfani kuwa da shekarar ciniki. Hukumar da ta zuba kasafinta a kan samfuri guda na iya wayar gari da akwati cike da tabarau marasa aiki, su ma sun zama kayan tarihi.

Inda ya kamata a fara

Abin da ke daɗewa shi ne bayanin da aka tara, muddin an ajiye shi a tsarin da kowace na'ura za ta iya karantawa, an kuma yi kwafinsa a wuri fiye da ɗaya. Siffar da aka auna yau za a iya kallonta a wayar hannu gobe, kamar yadda gidan tarihin halittu na Smithsonian a Washington ya yi da ɗakin ƙasusuwansa a 2015, a kuma kalle ta a tabarau duk ranar da ya yi araha. Wannan aiki ba ya bukatar kayan tsada. Wayar hannu mai kyakkyawar kyamara, da na'urar naɗar magana, da ma'auni, da littafin rajista sun isa a fara. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da ɗaliban tarihi da na Hausa da na kimiyyar kwamfuta a harabar guda, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗora mata alhakin kula da irin waɗannan kaya, don haka da izininta da haɗin kanta za a yi. Fadojin Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi na riƙe da tambura da takubba da sulke da wasiƙu waɗanda ba za su bar fada ba, kuma ba a bukatar su bari, tun da yini guda ya isa a ɗauki siffar kaya da dama a mayar da su mazauninsu.

Game da jerin abin da za a fara da shi, muna ganin a gabatar da mai rai a kan marar rai. Takobi zai jira shekara 10 bai sauya ba. Tsohuwar da ta iya kaɗi da mazari, da maƙerin da ya ga yadda ake narka tama a wurin mahaifinsa, da makaɗin da ya yi amshi a bayan Ɗanƙwairo, su ne ya kamata a fara aika wa ɗalibai, kuma da yawansu rikici ya riga ya taso su daga ƙauyukansu, suna nan zaune a unguwannin Gusau da cikin garin Tsafe inda isa gare su ba wuya. Kowane faifai a rubuta masa sunan mai magana da garinsu da ranar ɗauka da yardarsa, a ba iyalinsa kwafi guda.